Waiwaye: Agajin wata guda na 1989 da har yau bai ƙare ba a Sudan ta Kudu

Tun da manyan ƙasashe masu ba da tallafi suka tsuke bakin aljihu a 2025, muhawara kan Sudan ta Kudu ta dawo sabuwa. Wasu na cewa janye hannu daga ƙasar da mutum kimanin miliyan 9 ke buƙatar agaji daidai yake da yanke musu hukuncin kisa. Wasu kuma na cewa ai agajin ne ya sangarta ƙasar, gara a bar ta ta tsaya da ƙafafunta. Abin da ke damuna da ɓangarorin biyu shi ne suna magana kamar kwatsam aka wayi gari aka tarar da ƙasar a haka. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Farkon labarin sananne ne. Turawan Birtaniya sun killace kudancin Sudan tun shekarun 1920, ilimi ya zauna a hannun 'yan mishan. Sojojin kudu suka yi bore a garin Torit a Agustan 1955, aka yi ta yaƙi da gwamnatin Khartum har yarjejeniyar Addis Ababa ta 1972. Wuta ta sake tashi a 1983, ta ci rayuka kimanin miliyan 2 kafin sulhun 2005. A Janairun 2011 kusan kashi 99 cikin 100 na masu ƙuri'a suka zaɓi ɓallewa, aka ɗaga tuta a Juba ranar 9 ga Yuli, sannan a Disambar 2013 yaƙin basasa ya ɓarke, wanda aka ƙiyasta ya laƙume kusan mutum 400,000.

Shekarar da ake tsallakewa ita ce 1989, kuma a ganina can ne jijiyar maganar take.

A 1988 yunwa ta faɗa wa yankin Baharul Gazal da ke kudu, ƙiyasi ya nuna mutum wajen 250,000 sun mutu. A watan Maris na 1989 aka yi taro a Khartum, inda Majalisar Ɗinkin Duniya ta samu amincewar gwamnati, daga baya kuma ta 'yan tawayen kudu, cewa za a buɗe hanyoyin da ba za a yi harbi a kansu ba. James Grant, shugaban UNICEF na lokacin, shi ya jagoranci aikin, wanda aka fi sani da OLS (Operation Lifeline Sudan, wato shirin ceton rayuka a Sudan). Sabon abu ne a duniya: Majalisar ta zauna da ƙungiyar da ke ɗauke da makami domin a kai abinci yankin da gwamnati ba ta riƙe da shi. Niyyar farko ita ce a samu wata guda na lafawa daga Afrilu, a jibge kayan abinci sama da tan 100,000 kafin damina ta rufe hanyoyi.

Wata gudan nan sai da ya kai shekara 16.

Lokicogiyo, wani ɗan ƙauyen makiyaya a arewacin Kenya kusa da iyaka, ya koma babban sansani. Ma'aikata na ce masa Loki. Daga can jirage ke tashi kullum, suna sauka a filayen turɓaya ko su sako buhunan hatsi daga sama. Ƙungiyoyin agaji wajen 40 suka shiga ƙarƙashin inuwar shirin. Asibitin Red Cross na Lopiding, da ke nan Loki, shi ne inda ake ɗauko waɗanda harsashi ya samu daga can cikin kudu a yi musu tiyata. Babu mai hankalin da zai raina wannan aiki. Mutane da yawa da ke raye yau, da 'ya'yansu, albarkacinsa suke ci.

Amma a duba abin da ya ginu a hankali ba tare da kowa ya zauna ya tsara shi ba. Abinci aka fara kawowa, sai allurar rigakafi ta biyo, sai rijiyar burtsatse, da irin shuka, da maganin shanu, da allo da alli na makaranta. Duk abin da talaka ke gane hukuma da shi, ban da bindiga da haraji, ya koma hannun baƙi. Kowane ɓangare na masu yaƙi ya buɗe reshen jinƙai da kaya ke bi ta hannunsa, don haka ikon mutum ya fara dogara da ko jirgi na sauka a yankinsa. Bayan rabuwar 'yan tawaye a 1991, garuruwan Ayod da Kongor da Waat suka shiga yunwar 1993, jama'a na tururuwa duk inda aka ji akwai filin jirgi. Garin da ke da fili ya cika, gona da garke suka zama abin da aka baro a baya.

Akwai kuma wani ɓangaren da ba a cika ambata ba. 'Yan kudu ƙalilan da suka yi karatu, aikin da ke gabansu shi ne tafinta ko direba ko ma'aikacin jinya a wata ƙungiya. Rajistar marasa lafiya, lissafin yara, taswirar rijiyoyi, duk a ofisoshin Loki da Nairobi ake tara su. Tsara guda ta koyi rubuta rahoto ga mai ba da kuɗi a ƙetare, ba ta samu damar koyon tsara kasafin gunduma ba. Ba laifinsu ba ne, makarantar da zamani ya buɗe musu ke nan.

Da sulhu ya zo a 2005, sai kuɗin man fetur ya shigo, domin yarjejeniyar ta ba kudu rabin kuɗin man da ake haƙowa a yankinta. Lokacin samun 'yanci, mai ne ke kawo kusan kashi 98 cikin 100 na kuɗin shiga. Nan igiya ta tsinke ta ɓangarori biyu. Baitulmali ba ya buƙatar harajin manomi, manomi kuma bai saba kallon baitulmali ba idan ɗansa ya kwanta ciwo. An rufe shirin OLS, amma rabon aikin da ya bari ya zauna daram, har yau mafi yawan ɗakunan shan magani na karkara ƙungiyoyi ne ke tafiyar da su.

Shi ya sa kowace girgiza ke kai mutane ƙasa. An ayyana yunwa a Leer da Mayendit a Fabrairun 2017. Ambaliya tun 2019 ta mayar da Bentiu tamkar tsibiri. Yaƙin Sudan da ya tashi a Afrilun 2023 ya koro mutum sama da miliyan 1, akasarinsu ta garin Renk, sannan bututun da ke kai mai gaɓar Bahar Maliya ya lalace a farkon 2024, albashin ma'aikata ya maƙale wata da watanni.

Masu cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni suna da gaskiya, sai dai gatarin ne ba a taɓa ƙerawa ba. Idan kwangilar wata ƙungiya ta ƙare a ƙauye, ungozomar 'yar ƙasa ce, mai gadin ɗan ƙasa ne, ginin ma yana nan. Abin da ke tafiya shi ne albashi, da firjin allura, da jirgin da ke kawo magani idan damina ta yanke hanya, kuma babu wani layi a littafin kasafi da aka saba ɗora su a kai.