Aiki da karatu a gidan rainon yara: abin da dokar Ingila ta tanada

Ƙarfe takwas na safe ne a wani gidan rainon yara a Ingila, iyaye na sauke 'ya'yansu a gurguje don su tarar da jirgin ƙasa. Shugabar gidan na tsaye a bakin ɗakin jarirai tana ƙirga kawuna. Jarirai goma sha biyu ake sa ran zuwansu, ma'aikata uku ne a ɗakin, ta huɗun ta bugo waya cewa zazzaɓi ya kwantar da ita. A dokance, hannu uku jarirai tara kawai za su riƙe. Dole ta nemo ta huɗu kafin jariri na goma ya shigo, kuma sai ta duba takardar shaidar da wacce za ta kawo take riƙe da ita.

Daga wannan ƙirga ake fahimtar dalilin da ya sa ma'aikatan raino a can suka duƙufa karatu alhali suna bakin aiki.

Tushen maganar ita ce Dokar Kula da Yara ta 2006. A ƙarƙashinta aka fitar da kundin ƙa'idojin da ake kira EYFS, wanda ya fara aiki a watan Satumba na 2008, ya kuma hau kan duk wanda ya yi rajistar rainon yara daga haihuwa zuwa shekara biyar. Hukumar Ofsted ce ke zagayawa ta ga ko ana bin sa. Ingila kaɗai ya shafa. Sukotilan da Wales da Arewacin Ayalan kowacce da nata tsarin.

Kundin ya yanka adadin yaran da babba ɗaya zai kula da su. 'Yan ƙasa da shekara biyu, mutum ɗaya yara uku. 'Yan shekara biyu, mutum ɗaya yara biyar. A da huɗu ne, sai a Satumban 2023 aka sassauta. 'Yan shekara uku zuwa sama, mutum ɗaya yara takwas, amma idan akwai cikakkiyar malama, wato mai shaidar malanta, a ɗakin tana aiki da yaran kai tsaye, adadin ya tashi zuwa goma sha uku. Bayan haka kowane ɗaki sai da aƙalla mutum ɗaya mai shaidar karatun raino ta mataki na 3, sannan aƙalla rabin sauran su kasance da mataki na 2, wanda ke ƙasa da shi. Shugabar gidan ita ma sai da mataki na 3 ko sama, da gogewar aƙalla shekara biyu.

Mu ɗauki ɗaki mai yara 26 'yan shekara uku da huɗu. In babu cikakkiyar malama, ma'aikata huɗu ake bukata. In da ita, biyu sun wadatar a idon doka. Shi ya sa takardar ma'aikaciya take da daraja a wurin mai gidan raino, kuma shi ya sa wasunsu ke tura ma'aikatansu makaranta da kansu.

Wani zai ce mene ne na karatu a goyon yaro, tun da iyaye mata sun yi shi tun fil'azal ba su shiga aji ba? Gaskiya ne, kuma babu takardar da ke koya wa mutum tausayi. Sai dai uwa nata take reno, ta san shi tun yana ciki. Ma'aikaciya kuwa 'ya'yan mutane ne a gabanta, kowane da gidan da ya fito da harshen da ake yi masa. Kundin ya ce kowane yaro sai an ba shi mutum guda da zai zama nasa a gidan, wanda zai san cinsa da barcinsa da abin da ke sa shi kuka. Wannan ma'aikaciyar ce akasari ke rubuta wa iyaye taƙaitaccen bayanin ci gaban yaron tsakanin shekara biyu da uku, a kan fannoni uku da aka ɗauka su ne ginshiƙi: magana da fahimta, ƙarfin jiki da motsi, sai zama da mutane da sarrafa rai. Idan yaro ɗan wata talatin ba ya juyowa in an kira sunansa, ita ce za ta lura ko kunne ne, ko kunya ce, ko kuwa a gida Hausa ko Larabci yake ji Turancin bai zauna masa ba tukuna. Rarrabe waɗannan ukun ilimi ne, ana koyonsa. Wani dogon bincike mai suna EPPE da aka fara a 1997, wanda ya bi sawun yara kusan 3,000, ya gano cewa yaran da suka zauna a gidajen da ma'aikatansu suka fi karatu sun fi ci gaba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mai tanƙwarawar kuma sai ya san inda zai kama.

Hanya ta farko ta haɗa aiki da karatu ita ce koyon sana'a a bakin aiki. Ana ɗaukar mutum aiki da albashi, ya yi mataki na 2 cikin kimanin shekara guda, ko mataki na 3 cikin kimanin wata goma sha takwas. Akwai ma na mataki na 5 ga masu jagorancin ɗaki. A wannan hanya ce doka ta fi kare ɗaliba. Ba a karɓar ko sisi daga hannunta na kuɗin horo, gwamnati da mai gidan ne ke biya. Sannan dole a ware mata lokacin karatu a cikin awoyin da ake biyanta. Da farko kashi 20 cikin ɗari na lokacin aiki ne, a Agustan 2022 aka mayar da shi aƙalla awa shida a mako ga mai cikakken aiki, daga Agustan 2025 kuma kowane kwas aka yanka masa nasa adadin. Wacce aka ce ta je gida ta yi duk rubuce-rubucenta da dare bayan ta yini tana canza wa jarirai ƙunzugu, an danne mata haƙƙi, kuma tana da damar kai ƙara ga makarantar da ke horar da ita. Inda hanyar ta yi rauni shi ne albashi: mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a biya mai koyo a shekarar da ta fara daga Afrilun 2025 ya kasance fam 7.55 a awa, ga 'yan ƙasa da shekara 19 da duk wanda ke shekararsa ta farko. A ganina wannan ya yi kaɗan ga mai riƙon rai.

A watan Janairu na 2024 aka yi gyaran da ya shafi ɗalibai kai tsaye. Yanzu mai koyon aiki da ta kai shekara 16, ko ɗaliba mai dogon zaman gwajin aiki da ta kai 17, ana iya ƙirga ta a matakin da ke ƙasa da wanda take karantawa, matuƙar shugabar gidan ta gamsu da iyawarta da hankalinta. Wato mai karatun mataki na 3 za ta cike gurbin mai mataki na 2. Daga Satumban 2025 aka ƙara sharaɗin sai tana da takardar taimakon gaggawa na yara. Dalilin sassaucin a fili yake: gwamnati ta faɗaɗa rainon da take biya wa iyaye ma'aikata har ya kai awa 30 a mako tun daga ɗan wata tara, ma'aikata kuma ba su isa ba. Abin da nake jin tsoro a nan shi ne gidan da hannu ya yi wa ƙaranci ya riƙa janyo ɗaliba daga lokacin karatunta duk ranar da wata ba ta zo ba. Doka ba ta ba da wannan dama ba.

Hanya ta biyu ita ce digirin tushe, wanda aka ɓullo da shi a 2001 musamman don masu aiki. Mataki na 5 ne, daidai da shekara biyun farko na digirin jami'a, kuma ana iya ɗora karatun shekara guda a kai ya zama cikakken digiri. Yawanci ana zuwa aji yini ɗaya ko yamma ɗaya a mako, sauran kuwa ɗakin yaran ne ajin: ki lura da yaro yana wasa da ruwa da kofuna, ki rubuta abin da kika gani, ki auna shi da abin da masana suka faɗa. A nan ɗaliba ce ke biyan kuɗin makaranta, ko ta ci bashin karatu in ta cancanta, kuma babu dokar da ta tilasta a biya ta ranar da ta tafi aji. Akwai haƙƙin neman lokacin horo, amma na ma'aikatan kamfanin da ke da mutum 250 zuwa sama ne, bayan sun yi mako 26, kuma roƙo ne da ake iya ƙi. Akasarin gidajen raino ba su kai ko kusa da haka ba, don haka sai yadda kuka yi da shugabarki. Ku yi shi a rubuce.

Ga wurin da mutane suka fi yin asara. Ba kowace takarda mai ɗauke da sunan ilimin yara ake ƙirgawa ba. A 2012 Farfesa Cathy Nutbrown ta miƙa wa gwamnati rahoton da ya nuna takardun fannin sun yi yawa sun rikice, daga nan aka tsaurara ƙa'ida a Satumban 2014. Ma'aikatar Ilimi na da jerin kwasa-kwasan da ta amince da su a intanet, kuma wanda ba ya ciki, komai tsadarsa, galibi mai shi tamkar marar takarda take a ƙirgar ɗaki. Digirin da babu gwajin aiki da yara a cikinsa yana iya faɗawa wannan rami. Haka kuma digirin tushe, kai har cikakken digiri, ba ya mayar da mutum malamar da za ta riƙe yara goma sha uku. Sai an samu ɗaya daga cikin shaidun malanta, QTS ko EYTS ko EYPS.

'Yar'uwar da ta taho daga Najeriya da NCE ɗinta na ilimin ƙananan yara, ko daga Nijar ko Ghana da tata takardar, ita ma ba a ƙirga ta kai tsaye. Sai ta kai takardar ga UK ENIC, hukumar da ke tantance takardun karatun ƙasashen waje, an auna ta da ƙa'idojin Ingila, an ba ta sakamako a rubuce. Kafin sakamakon ya fito tana iya aiki a matsayin marar takarda, bayan an yi mata binciken DBS, wato na tarihin aikata laifi, kamar kowa. In kuma za ta shiga sabon kwas, ta karɓi cikakken sunansa da sunan hukumar da ke ba da shaidar, ta nemo su da idonta a jerin Ma'aikatar Ilimi, sannan ta sa hannu a takardar biyan kuɗi.