Tagar gilashi mai iskar gas a tsakani

Tagar gilashi mai iskar gas taga ce da ake haɗawa da fallen gilashi biyu, wani lokaci uku, a bar rata a tsakaninsu, a cika ratar da wata iska wadda zafi ba ya ratsa ta da sauƙi, sannan a liƙe gefunan. Amfaninta shi ne rage zafin da ke shiga ɗaki ko fita daga cikinsa. A ƙasashe masu sanyi aka ƙirƙiro ta don tsare ɗumin gida, amma ana sa ta a ƙasashe masu zafi don rage wutar da na'urar sanyaya ɗaki ke ci.

Asali

A shekarar 1865 wani Ba'amurke, Thomas Stetson, ya yi rajistar dabarar haɗa gilashi biyu da iska a tsakani. Ba ta shiga kasuwa sosai ba sai a shekarun 1940, ƙarƙashin sunan Thermopane. Tsadar man fetur ta 1973 ce ta sa aka mai da hankali ga tsimin makamashi, daga nan aka fara shafa wa gilashin wani siririn rufi na ƙarfe mai mayar da zafi, aka kuma koma ɗura gas a madadin iskar da muke shaƙa.

Yadda take aiki

Gas ɗin da aka fi amfani da shi shi ne argon, wanda masana kimiyya Rayleigh da Ramsay suka gano a Ingila a 1894. Ba shi da launi ko wari, ba ya kama wuta, kuma kusan kashi 1 cikin 100 na iskar duniya shi ne, shi ya sa yake da araha. Ya fi iska nauyi, kuma zafin da ke ratsa shi bai wuce kashi biyu cikin uku na wanda ke ratsa iska ba. Ratar da ta fi dacewa da shi tana tsakanin milimita 12 zuwa 16. Idan ta zarce haka gas ɗin zai fara kewayawa yana kwasar zafi daga wannan falle zuwa wancan. Akwai kuma kiripton, wanda ya fi argon tare zafi a ƴar ƙaramar rata, sai dai tsadarsa ta sa ba a cika ganinsa ba.

Ana auna ƙarfin taga da yawan zafin da ke ratsa murabba'in mita ɗaya, a ma'aunin wat, a kan kowane digiri na bambancin ciki da waje; mai ƙaramin adadi ita ta fi tare zafi. Gilashi falle ɗaya yana wajen 5.8, falle biyu da iska wajen 2.8, falle biyu da argon da shafin ƙarfe kuwa wajen 1.1.

A yanayin Damagaram

A watannin Afrilu da Mayu zafi a Zinder yakan haura digiri 40. A ce waje yana 42, ɗaki mai na'ura yana 26: falle ɗaya zai shigo da wat 90 da ɗoriya a kowane murabba'in mita, tagar argon kuwa ƙasa da 20. Ribar a bayyane take, to amma yawancinta daga falle na biyu da shafin ƙarfe ta fito. Abin da argon shi kaɗai ya ƙara bai wuce wat biyar ba.

Babban abin da ke dafa ɗaki a nan hasken rana ne kai tsaye. Tagar da ke fuskantar yamma, da la'asar, tana iya shigo da ɗaruruwan wat a murabba'in mita guda, kuma argon ba ya tare haske ko kaɗan. Abin da ke tare shi shi ne shafin da aka yi musamman don rana, a cikin fallen waje, ko kuma inuwa: baranda, darbejiya, ko marufin taga na ƙarfe irin wanda maƙeran gari ke yi. Maginan unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa katangar ƙasa take da kauri, tagar kuma ƴar ƙarama ce can sama. Gidan bulo mai rufin kwano babu silin, ko da wace irin taga aka sa masa, zafin ta sama zai sauko.

Don haka tagar ta fi biyan kuɗinta a ɗakin da ake rufewa ruf, na'ura na aiki awoyi da yawa, kamar ofis, otal ko ɗakin ajiyar magunguna, inda kuɗin wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, ke da nauyi. Ga mai fanka, ko mai na'urar sanyaya iska da ruwa wadda dole sai an bar mata kafar fitar iska, ribar kaɗan ce. Tana dai rage ƙara, kuma idan firam ɗin ya zauna daidai tana rage ƙurar hunturu.

Lalacewa

Rayuwar tagar tana ga liƙin gefenta. Ƙa'idar Turai ta yarda gas ya riƙa zurarewa ƙasa da kashi 1 cikin 100 a shekara, amma rana mai ƙarfi da sauyin zafi tsakanin dare da rana suna gajiyar da liƙin. Alamar ya buɗe ita ce raɓa ko hazo a tsakanin fallayen, inda hannu ba ya kaiwa. Ba a yanka ta a shago kamar gilashin yau da kullum. Da awo ake yin odarta daga masana'anta, idan kuma ta fashe sai a sake duka.