Mene Ne Rut a Wayar Android, Kuma Me Ya Sa Yake Kuɓucewa?

A cikin kowace wayar Android akwai wani mai iko da ya fi mai wayar iko. Ba mutum ba ne, asusu ne, lambarsa kuwa sifili. An gina Android a kan Linux, ita kuma Linux ta gaji tsarinta daga Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ƙerawa a Bell Labs a shekarar 1969. A wannan tsari, duk mai amfani da na'ura yana da lambarsa da iyakar abin da aka yarda ya taɓa, in ban da asusu guda ɗaya da ba a yi masa shamaki ba. Yana karanta duk fayil ɗin da ya ga dama, ya goge wanda ya ga dama, ya tsayar da duk aikin da ke gudana. Wannan asusu shi ne rut. Idan ka ji an ce an yi wa waya rut, ko an yi mata rutin, ana nufin mai ita ya sami hanyar ba da umarni da sunan wannan asusun.

Ba don mugunta kamfanoni suke kulle shi ba, ko da yake su ma suna da ribarsu a ciki. Android tana ba kowace manhaja lambarta ta daban, ta killace ta a nata wurin, don kada manhajar wasa ta leƙa cikin manhajar banki. Kai kanka mai wayar, matsayinka a wannan tsari na ɗan haya ne: ka shirya kayan ɗaki yadda kake so, amma ba ka da ikon fasa bango ko sauya wayoyin wuta. Rut shi ne ya mayar da kai mai gida. Matsalar ita ce duk manhajar da ka ba wa wannan izini ita ma ta zama mai gida, kuma ba ta da kunyar kowa.

Akwai abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa a bakin mutane, kuma rabin wahalar da ake sha daga nan take farawa. Na farko buɗe butloda. Butloda wata 'yar ƙaramar manhaja ce da ke fara tashi da zarar an danna maɓallin kunnawa, aikinta ta duba ko babbar manhajar da za ta ɗora tana ɗauke da sa hannun kamfanin da ya ƙera wayar. In a kulle take, ba ta karɓar komai sai na kamfani. Na biyu shi ne rut ɗin kansa. Na uku filashin, wato rubuta sabuwar babbar manhaja a kan wayar, ko dai ta kamfani ko wadda wasu masu sha'awa suka haɗa, wadda ake kira rom. Za ka iya buɗe butloda ba ka yi rut ba. Za ka iya sa sabon rom ba ka yi rut ba, hasali ma a cikin sanannun rom, LineageOS ba ya zuwa da rut, GrapheneOS kuwa adawa yake da shi kwata-kwata. Amma a wayoyin yanzu da wuya ka yi na biyu ko na uku ba tare da ka bi ta na farko ba.

A da ba haka abin yake ba. Wayar Android ta farko, HTC Dream, wadda aka sayar a Amurka da sunan T-Mobile G1 a watan Oktoba na 2008, ta fito da wani kuskure mai ban dariya: duk abin da mutum ya rubuta a madannanta, wayar tana ɗaukarsa a ɓoye a matsayin umarnin rut. Wanda ya rubuta kalmar reboot ya danna shiga, sai kawai wayar ta mutu ta sake tashi. Ta wannan kafa aka fara shiga. Shekarun da suka biyo baya duk farautar irin waɗannan kafofi aka yi ta yi. A 2014 George Hotz ya fitar da Towelroot, wadda take amfani da wani rauni a cikin Linux ta ba da rut da dannawa ɗaya. Su Framaroot da KingRoot duk 'yan wannan zamanin ne. Har yau za ka ga ana tallar manhajojin "rut da dannawa ɗaya", kuma ra'ayina a kansu gajere ne: ka guje su. An toshe kafofin da suke bi tun da daɗewa, kuma manhajar da ba ka san abin da ke cikinta ba, ba ita ya kamata ka danƙa wa dukan wayarka ba.

Abin da ya kashe wancan zamani shi ne Google ya riƙa ƙara makullai. Daga Android 5.0 tsarin tsaro na SELinux ya fara aiki gadan-gadan, yana taƙaita ikon ko da asusun rut. Daga Android 7.0 kuma aka tsananta binciken da waya ke yi wa kanta a lokacin tashi, ta yadda in aka taɓa ɓangaren da babbar manhaja ke zaune, za ta iya ƙin tashi. Sai masu rutin suka sauya dabara. Chainfire, mai manhajar rutin ta SuperSU, ya fito da hanyar da ba ta taɓa wannan ɓangare a 2015, sannan a 2016 John Wu ya fitar da Magisk, wadda ta zama ita ce kowa ke amfani da ita. Dabararta ita ce ta yi wa fayil guda ɗaya kwaskwarima, wato fayil ɗin tashi mai suna boot.img, ko init_boot.img a wayoyin da suka fito da Android 13 zuwa sama. Sauran gyare-gyaren duk ɗora su ake yi a sama lokacin da wayar ke tashi, asalin na nan a ƙasa ba a taɓa shi ba. Daga baya KernelSU da APatch suka zo, su kuma a cikin kanel, zuciyar tsarin, suke dasa ikon.

Wanda ya fahimci wannan ya fahimci dalilin da rut yake ɓacewa. Rut ba wani abu ba ne da ya shiga jinin waya ya zauna har abada. Rayuwarsa gaba ɗaya a rataye take da wancan fayil ɗin da aka gyara. Duk abin da ya maye gurbin fayil ɗin ya tafi da rut, kuma babban mai yin haka shi ne sabuntawar da kamfani ke turowa ta intanet. Yawancin wayoyin zamani, tun daga Pixel ta farko a 2016, suna da gurbi biyu, A da B. Kana amfani da A, sabuntawa tana sauka a B a natse, da ka sake kunna wayar sai ta tashi daga B, inda fayil ɗin tashi sabo ne fil daga kamfani. Sai mutum ya wayi gari manhajar Magisk na nan a fuskar waya, amma a ciki tana cewa ba a girka ta ba. Babu abin da ya lalace. Wayar ce ta koma ɗaya gurbin.

Kafin a ɗauko kebul, yana da kyau a tabbatar rut ɗin ne ya tafi da gaske. A buɗe manhajar rubuta umarni a rubuta umarnin "su", wato harafin s da u, wanda da shi ake neman ikon rut. In alamar $ ta koma #, to rut na nan, matsalar daga wani wuri take: wataƙila an taɓa hana wannan manhaja izini sai Magisk ta riƙe amsar, ko an sa ta cikin jerin waɗanda ake ɓoye wa rut. Haka nan wanda ya ɓoye Magisk da wani suna sannan ya sake girka wata, zai ga biyun suna rikici da juna. Mayar da waya yadda ta fito daga kamfani ma yana share manhajar da ƙarin kayan da aka ɗora mata, amma ba ya taɓa fayil ɗin tashi, don haka sau da yawa sake girka manhajar kawai ya isa.

In kuwa ya tabbata ya tafi, hanyar dawo da shi ita ce hanyar da aka bi tun farko, sai dai wannan karon ba a rasa komai, tunda butloda a buɗe take. A nemo cikakkiyar babbar manhajar kamfani wadda lambarta ta yi daidai da wadda ke kan wayar yanzu, a ciro fayil ɗin tashi daga ciki, a ba Magisk ta gyara shi a kan ita wannan wayar, a kwashe shi zuwa kwamfuta, a rubuta shi a wayar da fastboot, manhajar kwamfuta da ke magana da butloda ta kebul. Kalmar "daidai" ɗin nan ita ce komai. Mutum zai tuna yana da tsohon fayil da ya gyara wata shida da suka wuce, ya ce ai wayar ɗaya ce, ya rubuta shi. Sakamakon shi ne waya ta tsaya a tambarin kamfani tana mutuwa tana tashi, ko ta tashi amma Wi-Fi ya ƙi aiki. Haka ma karɓar gyararren fayil daga hannun wani a intanet. Masu Samsung nasu daban ne: ba fastboot suke amfani da shi ba sai wata manhajar kwamfuta mai suna Odin, kuma babban fayil mai suna AP ake gyarawa, a haɗa shi da HOME_CSC in ana so bayanai su tsira, domin CSC zalla share wayar yake yi.

Rigakafi ya fi sauƙi. A wayoyi masu gurbi biyu, a fara sa Magisk ta mayar da asalin fayil ɗin, a bar sabuntawa ta gama sauka, amma kada a danna sake kunnawa. A koma Magisk a zaɓi girkawa a gurbin da ba a amfani da shi, sannan a kunna. Wanda ya bar wayarsa tana sabunta kanta cikin dare, shi ya ba da dama.

Maganar rom kuma, a ganina nan ne amfanin gaske yake. Steve Kondik ya fara CyanogenMod a 2009, kuma a shekarar ce Google ya aike masa da takardar gargaɗi saboda yana haɗa Gmail da kasuwar manhajoji a ciki. Tun daga lokacin ake raba rom da manhajojin Google, mai so ya ɗora su daban. Da kamfanin Cyanogen ya rufe ayyukansa a watan Disamba na 2016, masu aikin sa kai suka ci gaba da sunan LineageOS. Abin da irin wannan rom ke yi shi ne tsawaita ran wayar da kamfaninta ya yi watsi da ita: wayar da aka daina turo wa gyaran tsaro bayan shekara biyu ko uku, sai ta sami sabuwar Android, kuma ta rabu da tarkacen manhajojin da ba a iya gogewa. Sai dai kowane rom na takamaiman samfuri ne. Wayoyi biyu za su iya zama da suna ɗaya a kwali amma injin cikinsu daban, ɗaya Qualcomm ɗaya MediaTek, shi ya sa ake dubawa da laƙabin da masana'anta ta ba samfurin, ba sunan kasuwa ba. Kyamara ma sau da yawa ba ta kai ta kamfani kyau, saboda dabarun sarrafa hoto sirrinsu ne.

Kuɗin shiga ba ƙarami ba ne. Buɗe butloda yana share duk abin da ke cikin waya, da gangan aka tsara haka don kada ɓarawo ya bi ta nan ya karanta bayanan mutane. A wayoyin Samsung akwai wani ɗan fis na Knox, tsarin tsaron kamfanin, da ke ƙonewa da zarar an rubuta abin da ba na kamfani ba, ba ya gyaruwa, kuma ma'ajiyar sirri ta Secure Folder da manhajar biyan kuɗi ta Samsung Pay sun tafi ke nan ko da an mayar da komai yadda yake. Huawei ya daina ba da lambar buɗewa tun 2018. Xiaomi ya daɗe yana sa mutane jiran awa 168, daga baya ma ya ƙara tsaurara sharuɗɗa. Ga kuma Play Integrity, tsarin binciken Google wanda ya gaji SafetyNet, da manhajojin banki ke tambaya ko an taɓa wayar. Ana yi masa dabaru, yau su yi aiki gobe su daina. Shi kansa John Wu ya koma aiki a sashen tsaron Android na Google a 2021, kuma a farkon 2022 aka cire MagiskHide, ɓangaren da ke ɓoye wa manhajoji rut, daga Magisk. A wasu wayoyin, Netflix ma yakan daina nuna hoto mai kaifi.

Shi ya sa nake tambayar duk mai son rut abin da yake nema takamaimai. Abubuwa da yawa da suka sa ake rutin a da, kamar ɗaukar hoton allo, hana manhaja izini, ko toshe talla ta hanyar DNS, yanzu Android tana yin su da kanta. Manhajojin kamfani marasa amfani ana iya kashe su ta ADB, hanyar ba waya umarni daga kwamfuta, ba tare da rut ba. Google ya yi alkawarin shekara bakwai na sabuntawa daga Pixel 8, Samsung ma haka daga Galaxy S24. Wanda har yanzu yake buƙatar rut ya san dalilinsa: cikakken ajiyar bayanan manhajoji, iko da kanel, ko bincike. Wanda bai iya faɗin dalilinsa ba, gara ya fara da tsohuwar wayar da ba bankinsa a ciki.

Kurakurai biyu ne kan iya kai waya inda kebul da kwamfuta na gida ba sa iya ceto ta. Ɗaya komawa tsohuwar babbar manhaja a wayar da ke da kariyar hana komawa baya, kamar yadda ya faru da masu Redmi Note 5 Pro a 2018, kuma Pixel 6 ma ta sami irin wannan kariya da zuwan Android 13. Ɗayan kuma kulle butloda alhali akwai gyararren fayil a ciki, domin za ta ƙi tashi da shi, kuma ta ƙi karɓar wani. In za a kulle, sai an mayar da kowane ɓangare na kamfani tukuna, an ga wayar ta tashi lafiya. Sannan tun ranar farko da aka sami rut, kafin a taɓa komai, a kwafi ɓangaren da lambar shaidar wayar, wato IMEI, ke ciki, EFS a wasu wayoyi, NVRAM a na MediaTek, a ajiye a kwamfuta. Babbar manhaja ana sake sauke ta daga intanet a kowane lokaci, amma wannan ɓangare na wayarka ce ita kaɗai, in ya goge za ta kunnu ta yi komai amma ba za ta kama layi ba.