Ɗaki ba rumbu ba ne, ku bar toshe taga

Tun da zafin Maris ya shigo, da wuya a wuni ba a kawo mana yaro asibiti jiki zafi rau ba, ga tari, wani ma wuya ya sandare. In na bi uwar zuwa gida, daga Tudun Wada har cikin birnin Zariya, abu ɗaya nake tararwa: ɗakin bulo, rufin kwano ba silin, taga guda ƙarama, ita ma an toshe ta da kwali ko an liƙe da siminti. Mutum bakwai ke kwana a ciki. Haba jama'a!

Sanƙarau da ƙyanda da tarin fuka ta numfashi suke yaɗuwa. Kun rufe yara suna shaƙar numfashin juna har asuba, sannan a ce iska ce ta taɓa yaro. Wace iska, bayan kun hana ta shiga?

Na san uzurinku: ɓarawo, sauro, masu leƙe. Ban raina ko ɗaya ba, iyayena. Amma ku tuna da tsohon Masallacin Juma'a na kusa da fadar Zazzau, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu. Ƙasa ce da azara, ya ɗaga rufin sama da bakan gizo, bango mai kauri yana tare zafin rana. Kakanninmu da tubali suka yi wannan hikimar. Mu da muka samu siminti sai muka gina tanda muka zuba 'ya'yanmu.

Gyaran bai kai kuɗin jinya ba. A sa magini ya jera bulo mai huji can sama kusa da rufi, bango biyu masu fuskantar juna. Zafi sama yake taruwa, ta nan zai fita, kuma ɓarawo ba ya ratsa hujin bulo. Taga a sa mata rodi da ragar sauro. Babu kuɗin silin? A shimfiɗa zana ko asabari ƙarƙashin kwano. A shafa wa kwanon farin fenti. A dasa darbejiya ta yamma.

Maigida, yau ɗin nan kafin magariba ka cire kwalin nan. Uwargida, kar ki mayar da shi don an ce yaro zai yi mura. Wanda kuma zazzaɓi ya haɗa masa da ciwon kai da sandarewar wuya, kar a jira gari ya waye, a kawo shi asibiti.