Me ake nufi da "muhimma" a labaran fantaziya (ƙagaggun labaran sihiri da abubuwan al'ajabi)?

Wanda ya zauna kusa da samarinmu a Jidda ko Makka suna buga wasan bidiyo zai ji ana cewa "ban gama muhimma ba tukuna". Kalmar Larabci ce, 'yar'uwar "muhimmi" ɗinmu, amma a nan tana nufin aikin da aka ɗora wa jarumi, wanda sai ya bar gida ya yi doguwar tafiya kafin ya cika shi. Wasannin da aka mayar Larabci suna raba ta biyu: muhimma ra'isiyya, wato babbar tafiya, da muhimma janibiyya, ƙananan aike-aike na gefen hanya. Waɗanda suka taso da Spacetoon, tashar talabijin ta yara da Larabci wadda ta fara aiki a 2000, sun saba da salon tun daga zane mai motsi.

Nau'in da ya fi kama zuciya shi ne na duniyar da ke mutuwa. Mu ma ba baƙonmu ba ne. A labarin Daura, macijin rijiyar Kusugu ya hana mutane ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya sare kansa. Sai dai shi kaɗai ya yi aikin. A fantaziyar yau mutum ɗaya ba ya isa.

In za a rubuta irin wannan labari, ana fara ginin da ciwon da ido zai gani. Kada a ce "duniya ta lalace" kawai. A nuna guga ya fito da laka, a nuna zangarniyar gero da aka murza a tafin hannu ta zama toka. Sai wa'adi, a ce kwana 40 kafin rijiya ta ƙarshe ta ƙafe, domin tafiyar da ba ta da wa'adi yawo ce. Sai magani da inda yake.

Wurin abokan tafiya ne yawancin sababbin marubuta ke tuntuɓe. Uku zuwa biyar sun wadatar. In sun kai takwas, mai karatu zai manta sunayensu, ya rasa wanda zai ji wa tausayi. Kowannensu ya riƙe abin da jarumi ba shi da shi: wannan ta san magungunan daji, wancan ya iya karanta taurari, wani kuma tsohon maƙiyi ne da ya san hanya. A bar su su yi saɓani a kan guzuri, su yi fushi, su shirya. Amincin da ba a taɓa gwadawa ba ba ya ɗaukar nauyin abin da ke zuwa.

Abin da ke zuwa kuwa shi ne sadaukarwa, kuma dole a faɗi farashinta tun farko, ko da a kaikaice. Ba lallai rai ba ne. Yana iya zama gani, ko murya, ko damar komawa gida. Babban kuskure shi ne a kashe aboki a babi na 20 a dawo da shi a na 22. Daga nan mai karatu ya gane ciniki ne na bogi, ba zai ƙara jin tsoro ba. Idan wata yarinya a cikin abokan tafiya ta ba da idanunta don ruwa ya dawo, to a shafin ƙarshe a nuna ƙawarta ta kama hannunta ta tsoma shi a cikin gugan da ya cika.