Koksinel

Koksinel, kamar yadda ake kiransa da Faransanci a makarantun Kamaru da Chadi, ƙaramin ƙwaro ne mai ƙoƙon baya kamar an kife rabin ƙwayar gujiya, galibi ja ko ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigon baƙi. Masana suna kiran danginsa Coccinellidae, daga kalmar Latin mai nufin ja wur, kuma an san ire-irensa fiye da 6,000 a duniya. Launin nasa gargaɗi ne ga tsuntsaye da ƙadangaru, domin idan aka taɓa shi yakan fitar da wani ruwa mai ɗaci da wari daga gaɓoɓin ƙafafunsa.

A Turai an daɗe ana girmama wannan ƙwaro, kuma sunayensa sun isa shaida. Turawan Ingila da Jamusawa sun jingina shi ga Nana Maryamu, har Kiristoci suka riƙa fassara ɗigo bakwai na nau'in da ya fi yawa a can da farin ciki bakwai da baƙin ciki bakwai nata. Faransawa suna ce masa dabbar Ubangiji, Rashawa suna ce masa 'yar saniyar Allah, Turkawa kuwa ƙwaron sa'a. Akwai labarin da ake bayarwa cewa manoman zamanin da sun yi addu'a lokacin da ƙwari suka afka wa amfaninsu, sai koksinel ya sauko ya cinye su. Labarin almara ne, amma tushensa a gona yake, domin abin da manomi ya ga yana cece masa abinci ba ya rasa suna mai daraja a bakinsa. Camfin da ke cewa yawan ɗigon yana nuna shekarun ƙwaron ba shi da tushe, domin ɗigon alamar nau'i ce kawai.

Babban abincinsa darɓa ce, wato ƙananan ƙwarin nan masu laushi da ke cunkushewa a bayan ganye suna tsotse ruwansa, suna barin danƙo mai zaƙi. Manoman auduga na Garwa da Marwa da kudancin Chadi sun san ta sarai, domin danƙonta yana ɓata kaɗa ya rage mata daraja, kuma wata irinta ce ke kama wake, ta kuma yaɗa cutar da ke tsugunar da gyaɗa. A waɗannan gonaki, da lambunan rani na bakin Binuwai da Logon da Shari, ana yawan ganin koksinel na jinsin Cheilomenes. Babba ɗaya yana iya cin darɓa kusan hamsin a yini.

Macen tana saka ƙwai masu ruwan ɗorawa a jere a ƙarƙashin ganye, daf da taron darɓa. Bayan 'yan kwanaki sai tsutsa ta fito, doguwa, baƙa-baƙa, mai ƙafa shida da tabo-tabo, ba ta kama da uwarta ko kaɗan, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure: mai lambu yakan ɗauke ta maɓarnaciya ya murƙushe ta ko ya yi mata feshi, alhali cikin mako biyu zuwa uku da take yi kafin ta rikiɗe ɗaruruwan darɓa take cinyewa. Feshin maganin da ba ya zaɓe yana kashe mai ci da abin ci gaba ɗaya, kuma da yake darɓa ta fi saurin hayayyafa, ita ce ke riga dawowa. Tururuwa ma abokiyar gaba ce, saboda tana shan danƙon darɓa, tana kuma korar duk mai son cin ta.

An yi amfani da koksinel da gangan a Kalifoniya ta Amurka, inda wani ƙwaro mai farin gashi ya kusa gamawa da gonakin lemo. A 1888 masanin ƙwari Albert Koebele ya aiko da nau'in Rodolia cardinalis daga Ostareliya, kuma kafin shekara biyu annobar ta lafa. A shekarun 1960 an kai wani nau'in daga Iran zuwa Muritaniya domin yaƙar ƙwaron da ke manne wa ganyen dabino. Ba kowace ƙaura ce ta yi kyau ba: Harmonia axyridis na Asiya, wanda aka saki a Amurka da Turai, ya bazu har ya danne nau'o'in gida.

Cikin dangin akwai kuma masu cin ganye, waɗanda ke kankare ganyen kankana da kabewa da masara su bar shi kamar raga. Ana gane su da rashin sheƙi, domin bayansu lulluɓe yake da gashi mai laushi, tsutsarsu kuma ruwan ɗorawa ce mai ƙayoyi masu rassa.