Waiwaye: Daga kwandastan Landan zuwa katin inshora, wa zai biya kuɗin motsa jiki?

Bas ɗin birnin Landan mai bene, a shekarun 1940, ma'aikata biyu gare ta: direba da kwandasta. Direba yana zaune a kan kujera kusan duk tsawon aikinsa. Kwandasta kuwa ba shi da ta zama. Ya hau sama ya karɓi kuɗin mota, ya sauko, ya sake hawa, har yakan taka matakala 500 zuwa 750 a yini guda. Gari ɗaya, kamfani ɗaya, kuma dukkansu 'ya'yan talakawa ne. Wani likita mai suna Jerry Morris ya bi takardun rashin lafiyar ma'aikata kimanin 31,000 na wannan kamfani, kuma a 1953 ya fitar da abin da ya gano a mujallar likitoci ta Lancet: ciwon zuciya bai cika kama kwandastoci kamar yadda yake kama direbobi ba, idan ma ya kama su bai cika kashe su farat ɗaya ba. Da ya waiwayi gidan waya sai ya tarar da irin haka, masu yawon rarraba wasiƙu a ƙafa ko a kan keke sun fi abokan aikinsu na kan tebur tsira.

Likitocin zamanin ba su karɓi maganar hannu bibbiyu ba. Suka ce ai mai ƙiba ne da ma yake zaɓar tuƙi, siriri ya zaɓi hawan bene, saboda haka ƙibar ce ke kisa, ba zaman ba. Morris bai yi musu da baki ba. Ya nemi awon ƙugun wandunan da kamfanin yake raba wa ma'aikatansa. Awon ya nuna cewa lallai direbobi sun fi teɓa, amma kuma kwandasta, ko mai jiki ne ko siriri, ya fi direba tsira daga mutuwar fuju'a. Shi kansa Morris ya riƙi motsa jiki har tsufansa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99.

Abin mamaki, a daidai lokacin asibitoci akasin haka suke yi. Wanda ya samu bugun zuciya akan kwantar da shi flat kusan mako shida, ko abinci sai an ba shi a baki, wai kada zuciyar ta wahala. A 1952 wasu likitoci biyu a Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka ba da rahoton cewa sun riƙa tayar da irin waɗannan majinyata suna zaunar da su a kujera, kuma sun fi samun sauƙi. Zama a kujera kawai, amma sai da aka yi musu kallon masu kasada da ran mutane. A 1966 kuma, a birnin Dallas, aka kwantar da samari biyar 'yan shekara 20, lafiyarsu ƙalau, na tsawon mako uku. Bayan shekara 30 aka sake nemo su aka auna. Sai aka ga kwanciyar mako ukun nan ta fi tsufan shekara 30 rage musu ƙarfin zuciya da numfashi.

Daga nan ne motsa jiki ya samu ƙofar shiga asibiti, daga asibiti ya shiga littafin masu inshora. A 1982 Medicare, wato inshorar gwamnatin Amurka ta 'yan shekara 65 zuwa sama, ta fara biyan kuɗin atisayen farfaɗo da masu ciwon zuciya. A yau takan biya har zama 36, majinyaci yana tafiya a kan na'ura, an manna masa wayoyi a ƙirji, ma'aikacin jinya yana kallon bugun zuciyarsa. A lura da wanda aka buɗe wa ƙofar: wanda ciwo ya riga ya kayar. Binciken Morris kan masu lafiya aka yi shi, amma kuɗin farko ga marasa lafiya ya tafi. Wannan ita ce ƙa'idar da ta bi tarihin gaba ɗaya. Muddin motsa jiki ya yi kama da magani, da sa hannun likita, da adadi, da ranar gamawa, za a biya. Idan ya zama riga-kafi tsantsa, sai a fara 'yan kame-kame.

Wasu ƙasashe sun gane haka, sai suka sa wa motsa jiki rigar magani. Niyu Zilan ta fito da “koriyar takardar magani” a 1998, inda likita ke rubuta wa mutum tafiyar ƙafa ko iyo a maimakon ƙwaya, ko tare da ita. Suwidin ta bi sahu a 2001. A Jamus likita kan rubuta wa mai jinya wasannin farfaɗowa, galibi zama 50 cikin wata 18, asusun inshora ya biya. Akwai kuma azuzuwan riga-kafi da asusun ke mayar wa mutum wani kaso na kuɗinsu idan ya halarta yadda ya kamata, kuma an ƙarfafa wannan da dokar riga-kafi ta 2015. A Amurka, a 2007, ƙungiyar likitocin wasanni da babbar ƙungiyar likitocin ƙasar suka ƙaddamar da gangami mai taken cewa motsa jiki magani ne, suna neman a riƙa tambayar majinyaci minti nawa yake motsawa a mako, kamar yadda ake auna masa jini da zafin jiki.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi daga ciwon suga ta fito. A 2002 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji a Amurka kan mutum 3,234 da sugansu ya hau amma bai kai ga ciwo ba. Aka kasa su uku. Kaso ɗaya aka ba su maganin metformin, kaso ɗaya aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta, kaso na uku aka ɗora su a kan motsa jiki na minti 150 a mako, galibi tafiyar ƙafa da sauri, da gyaran cima don su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu. Metformin ta rage kamuwa da ciwon da kashi 31 cikin 100. Tafiya da gyaran cima suka rage shi da kashi 58. Da a ce wani kamfani ne ya ƙera ƙwaya mai wannan ƙarfi, da tuni ta cika kantunan magani. Amma sai a 2016 masu lissafin Medicare suka tabbatar cewa shirin yana rage kashe kuɗi, kimanin dala 2,650 a kan kowane mutum cikin wata 15, sai kuma a watan Afrilun 2018 aka fara biya. Shekara 16 ke nan. Bayan an fara ɗin ma, waɗanda suka shiga ba su taka kara sun karya ba.

Kamfanoni masu zaman kansu wata hanya suka bi. A Afirka ta Kudu, kamfanin Discovery na Adrian Gore ya ƙirƙiro shirin Vitality a 1997: ka je gidan motsa jiki a rubuta maka maki, makin ya jawo maka rangwame a tikitin jirgi ko a kantin sayayya. Daga baya agogon hannu mai ƙirga taku ya karɓi aikin rubuta makin, tsarin kuma ya bazu zuwa ƙasashe da dama. A Amurka akwai SilverSneakers, wanda aka kafa a 1992, da ke ba tsofaffi damar shiga gidajen motsa jiki kyauta ta hanyar inshorarsu.

A nan ne lauje ya fito daga cikin naɗi. A 2012 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Brown suka duba tsare-tsaren inshorar tsofaffi da suka ƙara katin gidan motsa jiki a cikin garaɓasarsu. Suka tarar sababbin da suka shigo bayan ƙarin sun fi na da lafiya. Wato katin ya zama ƙugiya: tsohon da gwiwa ta hana shi tashi ba zai kula da shi ba, mai kuzari ne zai zo, kuma shi ne ba ya cin kuɗin kamfani. Jami'ar Illinois ma ta yi gwaji da ma'aikatanta kusan 5,000, ta hanyar ƙuri'a aka zaɓi waɗanda za a yi wa tayin shirin kula da lafiya a wurin aiki. Kuɗin asibiti bai ragu ba, kuma waɗanda suka amsa tayin da ma can sun fi sauran lafiya. Gardamar wandon direba ce ta dawo bayan shekara sittin da 'yan kai, sai dai a wannan karo masu gardamar suna da gaskiya. Wannan bai ƙaryata Morris ba. Abin da ya nuna shi ne raba kati daban, tayar da mai zama daga kujera daban.

Akwai kuma matsalar lokaci. Ɗan shekara 40 da ya fara tafiyar safe yau, ribar ba za ta bayyana sosai ba sai ya doshi 60, kuma a Amurka kafin nan ya sauya wurin aiki da kamfanin inshora sau da yawa. Wani ya yi shuka, wani ya yi girbi. Shi ya sa ƙasashen da mutum ke zama a asusu ɗaya shekara da shekaru suka fi saurin sakin hannu. A ganina dai ma'aunin da ake ɗora wa motsa jiki bai yi adalci ba. Ba wanda ke cewa sai tiyatar zuciya ta mayar da kuɗinta kafin a biya. Ya isa a ce ta ƙara wa mutum kwana cikin lafiya. Riga-kafi kaɗai ake cewa sai ya kawo riba, duk da kowa na faɗin ya fi magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, bisa alƙaluman shekarar 2022, kashi 31 cikin 100 na manya a duniya, kusan mutum biliyan 1.8, ba sa cika minti 150 ɗin nan a mako, kuma ta ƙiyasta cewa rashin motsi zai riƙa cin tsarin lafiyar ƙasashe kimanin dala biliyan 27 duk shekara har zuwa 2030. Duk da haka layin da aka ja a 1982 bai gusa sosai ba. A Ingila, hukumar da ke tantance abin da ya cancanci kuɗin gwamnati a harkar lafiya ta ba da shawara a 2014 cewa kada a kashe kuɗi wajen tura mai yawan zama zuwa shirin motsa jiki idan ba shi da wani ciwo ko alamar haɗari. A Amurka, wani ƙudiri da ake kira PHIT, wanda zai bar mutane su biya kuɗin motsa jiki daga asusun lafiyarsu da ba a cire wa haraji, ya shafe fiye da shekara goma sha biyar yana shiga majalisa yana fita. Ƙa'idar hukumar harajin ƙasar ita ce kuɗin gidan motsa jiki ba kuɗin magani ba ne, sai in likita ya rubuta cewa kana da ciwo takamaimai, kamar hawan jini ko ƙiba mai cutarwa, kuma don shi kake zuwa.